Akusan Inna Delu da Rokar Gangare

Da sunan wanda ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya shimfiɗa ƙasa ba da turaku ba, ya ba tsuntsu fiffike, ya ba kifi ruwa, ya ba ɗan Adam ƙafa biyu da yawan tambaya. Aminci ga mai karatu, aminci ga mai saurare, aminci ga wanda barci zai sace a tsakiya.

Ni ne Nomau ɗan Cindo, wanda ake ce wa Malam saboda furfura. Na yi yawon neman sani har takalma suka gaji da ni, na sha ruwan rijiyoyin da ban san masu su ba. Yanzu kaina ya zama tsohon kwando, manyan abubuwa suna tsayawa, ƙanana suna zubewa ta ƙasa. In kun ji na ce gabas inda ya kamata in ce yamma, ku gyara a zuci, kada ku kunyata tsoho. Amma labarin Gangare yana nan daram, domin shaidarsa tana gefena, ina kallonta yanzu haka.

Tambaya guda ce ta fitar da ni daga gida. Wani falke ya gaya mini cewa a bayan Tekun Toka akwai mutanen da ke aika kaya sama, kayan su tsaya can kamar an rataye su a ƙusa. Na ce sai na gani da idona. Na haye tekun a bayan wani ƙaton kunkuru mai fito, wanda ba ya karɓar wani lada sai labari. In labarinka ya gundure shi, sai ya nutse kaɗan. Na isa gaɓa a jiƙe har ƙugu. A wancan ɓangaren wata biyu ke fitowa, babba da ƙarami, kamar uwa da goyonta.

Garin farko da na shiga sunansa Garwashi, gari ne na maƙera da hayaƙi a gindin wani dutse wanda duk jikinsa tagulla ce. Can na fara ganin roka. Ku ɗauki tulu, ku ja shi har ya kai tsayin rimi, ku cika cikinsa da mai, ku ɗora kayanku a kansa, ku kunna masa wuta a gindi, sa'an nan ku ruga da gudu. To, wannan ita ce roka. Tana tashi da ruri, ta kai kayan inda ake so, ta sake su, ita kuma ta faɗo fanko. Mutanen Garwashi ba sa ko waiwayar wadda ta faɗo. Me ya dame su? Dutsen tagulla na nan.

Wakilin sarkinsu, wani mai suna Jatau, mutum mai santsin baki da ƙamshin turare, shi ya zaga da ni. Ya kai ni wani dogon bango wanda aka rataye masa mabuɗai tun daga ƙasa har inda wuyana ya gaza.

Na ce, "Waɗannan fa?"

Ya ce, "Ladan aikinmu ke nan, Allah gafarta Malam. Garin da ke son mu kai masa kaya sama, mabuɗi guda kawai muke karɓa. Wancan na rumbun wani gari ne. Wannan na rijiyar wani ne. Wancan mai tsatsa, na ƙofar kasuwar wasu bayin Allah ne."

"In suna son hatsinsu ko ruwansu fa?"

"Sai su zo su roƙa. Ai ba ma hana su. Galibi."

Na ce, "To me ya sa ba ku koya musu ƙirar, kowa ya yi tasa?"

Ya yi dariya har turarensa ya girgiza. Ya ce, "Malam, in ka ba mutum jaki, ya gama da kai. In ka ɗauke masa kaya, gobe ma zai zo ya gaishe ka."

Da na tashi tafiya sai mai gadin ƙofa ya gitta mini sanda. Ya ce babu baƙon da ke fita Garwashi sai ya bar mabuɗi, wanda ba shi da shi kuwa ya zauna ya hura zugazugi har ƙarshen ransa. Na laluba jakata, na samo mabuɗin gidan ubana. Gidan nan ruwa ya cinye shi tun ina saurayi, ƙyauren ma wani maƙwabci ya yi girki da shi.

Mai gadi ya juya shi, ya ce, "Na ina ne?"

"Na gidan ubana ne. Babban gida, har da zaure biyu."

"Babu wani mabuɗin gidan sai wannan?"

"Ko ɗaya babu."

Ya rataye shi yana murna, ya ɗaga sanda. Bai tambaye ni ko gidan na tsaye ba, ni kuma ba a koya mini amsa tambayar da ba a yi ba.

Daga nan na bi gulbi na gangara. Ko hawa na yi? A'a, gangara ne, don na tuna gwiwoyina ba su yi ƙara ba. Wata rana da tsakar rana hadari ya kama ni a cikin wata fadama mai faɗi. Na duba babu bukka babu itace, sai wasu dogayen abubuwa kwance cikin taɓo kamar kukokin da iska ta kayar, ciyawa ta rufe su. Na sami bakin ɗaya na shige. Kwaɗi suka matsa mini wuri. Da idona ya saba da duhun, na ƙwanƙwasa bangon, ya amsa mini da ƙara mai daɗi. Tagulla ce. Roka ce fanko, ko tsaga babu a jikinta, taɓo ya karɓe ta kamar katifa.

Da ruwa ya ɗauke na fito ina miƙa, sai na yi ido huɗu da wasu masunta cikin kwalekwale. Suka yi salati gaba ɗaya. Na yi musu sallama, ba wanda ya amsa. Na miƙa hannu, suka ja da baya. Sai babbansu ya wurgo mini taru, suka naɗe ni a ciki, suka rataye ni a jikin gora, suka ɗauke ni a kafaɗa ba tare da ɗan yatsan kowa ya taɓa ni ba. Haka na shiga Birnin Gangare, kamar ragon ruwa ranar kasuwa.

Tun daga cikin tarun na lura garin nan babu ƙarfe. Mata na sanye da awarwaron ciyawa. Tukwane na yumɓu, cokula na itace. A saman hasumiyar da ya kamata a ce akwai ƙararrawa, wani ƙato ne zaune, in lokaci ya yi ya buɗe baki ya yi kukan ƙararrawa da kansa.

Aka sauke ni a gindin wata tsamiya gaban mai mulkin garin, Magajiya Tasalla. Mace ce mai matsakaicin shekaru, idonta na wanda bai sami barci ba, da wani babban mabuɗin itacen kanya rataye a wuyanta. A damanta wata tsohuwa ce ƙarama, miƙaƙƙiya kamar muciya. Ita ce Inna Delu, mai riƙon al'adar gari, wadda in ta ce haka kaka da kakanni suka yi, magana ta ƙare. A hagunta wani jibgegen mutum ne mai ƙonannen gemu, Sarkin Maƙera Barmo. Daga baya na gane shi da Inna Delu taubasai ne, ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba.

Inna Delu ta ce, "Baƙo, ka san abin da ka taɓa?"

Na ce, "Inna, na taɓa kwaɗo, na taɓa tagulla. In kwaɗon naku ne, ku gafarce ni."

Ba ta yi dariya ba. Magajiya ce ta yi mini bayani. Gulbin da ke ciyar da Gangare yana fitowa daga bayan duwatsun da ba mai iya hawa. Kowace shekara yakan yi ambaliya, amma ba ya faɗin rana. Don haka kakanninsu suka rataye wani babban madubi a sama. In ka duba shi cikin ƙwaryar ruwa, kana ganin kan gulbin, ka ga lokacin da ruwa ya taru, a kwashe yara da dabbobi a hau tudu. Madubin yakan dusashe bayan 'yan shekaru, sai a aika sabo.

Inna Delu ta karɓe maganar. "Mu ba bauta muke yi wa Samaniya ba, kada ka je ka yi mana ƙarya a garinku. Maƙwabciyarmu ce, gidanta na sama da namu. Abin da muka aika mata kyauta ce. Ɗan halak kuwa ba ya ba da kyauta ya dawo ya karɓe. Duk abin da ke fadamar nan nata ne, wanda ya taɓa shi ma ya zama nata. Kai yanzu kayan Samaniya ne. In za a aika sabon madubi, da kai za a haɗa."

Na ce, "Inna, a can saman akwai wurin zama?"

Barmo ya ce, "Ba wanda ya taɓa dawowa ya yi ƙorafi."

Na tambayi yaushe ne tafiyar. Magajiya ta shafa mabuɗin wuyanta. Ta ce, "Madubin da ke sama ya kusa makancewa, damina kuma ta kusa tsakiya. Sabon madubi na nan a shirye. Roka ce babu. Kowace roka tana cinye tagullar da gari zai tara a shekaru, kuma tafiya ɗaya take yi. Mun narkar da tukwane, mun narkar da awarwaro, mun narkar da ƙararrawa. Babu sauran abin narkarwa. Garwashi sun ce za su kai mana madubin, in mun ba su wannan." Ta ɗaga mabuɗin. "Na ƙofar madatsar gulbi ne. Wanda ke riƙe da shi, shi ke cewa gonakinmu su sha ko kada su sha."

Na tuna bangon nan na Jatau. Na ce, "Ranki ya daɗe, ga rokoki can kwance a fadama, lafiyarsu ƙalau."

Mutane suka toshe kunnuwa. Wata mata ta rufe wa ɗanta ido, ban san dalili ba. Inna Delu ta ce, "An yafe maka don kai baƙo ne, kuma don kai na Samaniya ne. Kada ka ƙara." Barmo kuwa, na ga ya kalli wajen fadama irin kallon da mai azumi ke yi wa randa.

Aka ajiye ni a wani ɗaki mai kyau, aka hana kowa shiga. Nan rigimar taubasai ta tashi a kaina. Inna Delu ta ce ba za a aika wa maƙwabciya ramammen malami ba, a ce Gangare rowa gare su. Don haka safe da yamma ta dinga turo mini abinci da dogon gora ta ƙarƙashin asabari: tuwon dawa da miyar kuka ta sha man shanu, dambu, fate, wani lokaci da kan kifi. Kuma ba a ƙwarya take zubawa ba, a akusanta na gado, baƙaƙe masu sheƙi, waɗanda kakar kakarta ta bari. A garin da babu kwanon ƙarfe, akushi irin wannan ya fi doki daraja.

Barmo kuwa kullum sai ya zo bakin taga ya leƙo ni, ya kama kai.

"Malam, don Allah rage loma. Kowane kumatu da ka ƙara, sai an ƙara tulun mai. Mutanen Garwashi kuma in kaya ya yi nauyi, mabuɗi na biyu za su nema."

Sai muryar Inna Delu daga bayan danga: "Kai ƙonannen gemu, bar mini baƙo ya ci! Kai da aka aika sama, ai da Samaniya ta ce an turo mata rumbu."

"Ke kuwa da aka aika, da ta ɗauka tsinken sakace ne, ta mayar."

"Samaniya ba ta mayar da kyauta, jahili."

Ni dai ina ci. Mutumin da za a harba sama ba shi da dalilin jin kunyar tuwo. In na gama sai in wanke akushin, in kife shi a kusurwa, in ɗora na gaba a kansa. Jikokina sukan tambaye ni, "Kaka, dabara ce ka yi ko mantuwa?" Gaskiya ban tuna ba. Wasu ranakun ina jin dabara ce, har in ji na burge kaina. Wasu ranakun kuwa nakan tuna cewa ko a gidanmu ban taɓa mayar da kwano ba sai an aiko.

Ranar da Jatau ya iso karɓar mabuɗi, gari duka ya taru a gindin tsamiya. Ƙamshin turarensa ya riga shi zuwa. Aka ce a fito da ni in bi shi Garwashi tare da madubin, kuma in ɗauko duk abin da na mallaka. Na ɗauko jakata, na tattara akusan na jera su bisa kaina, tsibi guda, na fito ina tafiya a hankali kamar mai tallan nono.

Jatau ya gane ni. Ya ce, "A'a, mai gida mai zaure biyu! Mun aika a duba gidan nan, har yanzu ɗan aiken bai dawo ba."

Na ce, "Da nisa, Wakili. Ku ƙara haƙuri."

Magajiya ta riga ta cire igiyar mabuɗin daga wuyanta, Jatau ya shimfiɗa tafinsa. Sai wata ƙara ta tsaga taron.

"Akusana!"

Inna Delu ce. Ta taso kamar an ɗana mata wuta, ta tsaya gabana, ta manta da ba a kusantar kayan Samaniya. "Ashe wurinka suke! Ni ina can ina zargin 'yan aike, har na fara zuba wa mijina tuwo a murfin tukunya! Ina za ka da su?"

Na ce, "Sama, Inna. An ce in ɗauko abin da na mallaka."

"Ka mallaka? A gidan uban wa?"

"Ai ke kika ba ni. Na ji kin ce ɗan halak ba ya ba da kyauta ya karɓe."

Ta tafa hannu, ta juya ga jama'a. "Ku ji mini malami! Kai, wace irin ƙasa ka fito? Tuwon na ba ka! Tuwon ne kyautar! Akushi ɗan aike ne, ya kai saƙo ya komo gida. Yarinyar da ba ta fara ɗaurin ƙirji ba ma ta san wannan!"

Na ce, "Ki yi haƙuri, Inna, baƙo ne ni. To da na mayar miki na ajiye a ƙofar gidanki, ashe ba za ki bar su nan ba, ruwa ya doke su, kwaɗi su shiga?"

"In bar su? Maƙwabci ya mayar maka da akushi, ka bar shi a ƙofa? Ai wannan cin mutunci ne! Kana gaya masa hannunsa ƙazanta ne ke nan. Sai marar tarbiyya, wanda bai sha nonon..."

Ta tsaya. Bakinta na buɗe, amma maganar ta ƙi fitowa. Can sai wani sauti ya fara fitowa daga cikin Barmo, kamar zugazugi ya huje, har ya zauna a ƙasa yana share hawaye da gemu.

Magajiya ta janye hannunta daga na Jatau. Ta ce, "Inna, ina tambayar mai riƙon al'ada. Me muke ba Samaniya, madubin ko rokar?"

Tsohuwar nan ta daɗe tana kallon wajen fadama. Na ga tana neman hanyar kuɓuta a cikin kanta, ta leƙa nan ta leƙa can, amma mace ce mai gaskiya, ba ta sami ƙofa ba. Ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da mayafi.

Ta ce, "Wayyo kunya. Baiwar Allah tana karɓar tuwo, tana mayar mana da akushi har ƙofar gida, tana ma zaɓar wuri mai laushi kada ya fashe. Tun zamanin kakanni muna tsallake shi muna wucewa. Me take ɗaukarmu?"

Barmo ya ce, "Marasa tarbiyya, in ji wata tsohuwa."

"Rufe mini baki, tashi ka nemo igiya!"

Na ce, "Inna, ni fa? Wanda ya taɓa akushi ya zama tuwo?"

"Kai sauke mini kayana ka tafi can, ka cinye mini rumbu a banza."

Jatau bai ji daɗi ba, amma bai daina murmushi ba. Ya ce wa Magajiya, "Ranki ya daɗe, tulun da ya sha wuta sau ɗaya ba ya shan ta biyu. Zai fashe da madubinku a kai, ba ku da wani. Ruwa kuma ba ya jiran mai gyara. In na juya yau, gobe mabuɗi biyu ne."

Wannan magana ta shiga mutane, don ba wanda ya taɓa ganin roka ta tashi sau biyu. Magajiya ta dubi Barmo. Ya daina dariya. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ban yi miki alkawarin za ta tashi ba. Amma kakana ne ya ƙera ɗaya daga cikin na fadamar nan, kuma ban taɓa ganin abin da ya ƙera ya yi aiki sau ɗaya ya mutu ba."

Ta mayar da igiyar wuyanta, ta ƙulla. Ta ce, "Wakili, a gai da Sarki. In ta fashe, ruwa zai ci mu shekara guda. In na ba ka wannan, ƙishirwa za ta ci mu kowace shekara."

Inna Delu ce ta shige gaba zuwa fadama, zani a ɗage, tana ba Samaniya haƙuri da ƙarfi. Gari duka ya ja igiya, da shanu da masunta da ni kaina, ko da yake tuwon da na ci ya sa na fi amfani a matsayin nauyi a ƙarshen igiya. Aka jawo rokar kakan Barmo zuwa tudu. Mata suka shiga cikinta da toka da yashi da soso, suka wanke ta irin wankin akushin da za a kai wa surukai. Aka sallami kwaɗi da girmamawa. Barmo da maƙeransa suka bi ta gaɓa gaɓa suna ƙwanƙwasawa, inda ta amsa da murya marar kyau su ciro ƙarfe daga wata 'yar'uwarta su liƙa. Masaƙa kuma suka haɗa mata wata laima mai faɗin kasuwa, aka naɗe a wuyanta, domin Inna Delu ta ce bai kamata a bar maƙwabciya tana wahalar neman taɓo ba kowane lokaci.

Duk wannan ana yi, sama na ƙara baƙi a wajen duwatsu, tsohon madubin kuma ba ya nuna komai sai hazo.

Da hantsi aka harba ta. Aka ɗora madubin, aka cika mai, Barmo ya kai wuta da kansa ya rugo, ban taɓa ganin rumbu ya yi gudu irin wannan ba. Rokar ta yi tari. Ta sake tari, ta fitar da baƙin hayaƙi, wani kwaɗo da ya ɓuya ya yi tsalle ya fito yana zagi. Jatau, wanda ya ce zai tafi amma ya tsaya a bayan taro, ya fara gyara hularsa. Magajiya ta riƙe mabuɗin da hannu biyu. Sai ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinmu, rurin ya cika kunne, tsohuwar tagullar nan ta ɗaga a hankali kamar raƙumi mai tashi, sa'an nan ta miƙe ta huda gajimare.

Ba wanda ya yi guɗa tukuna. Aka kawo ƙwaryar ruwa gaban Magajiya, kowa ya sunkuya. Hazo, hazo, sai ga duwatsu tar, ga kan gulbi, ga ruwa ja ya taru ya cika kwari yana neman hanya. Ƙaton nan na hasumiya ya buɗe baki ya yi kukan ƙararrawa irin wanda bai taɓa yi ba. Kafin ambaliyar ta iso, ko ɗan akuya ba a bari a gangare ba.

Amma na tsallake abin da ya fi. Kun ga halin kwandon nan. Muna cikin kwashe kaya sai wani ya nuna sama. Ga rokar tana saukowa ƙarƙashin laimarta, tana lilo kamar amaryar da ba ta son a ce tana sauri, ta sauka a gefen fadama. Muka ruga. Inna Delu ta hana kowa matsawa sai ta duba. Ta zaga ta, ta tsaya wajen kafaɗarta. Wani farin abu ne ya lulluɓe wurin, yana ƙyalli. Ta kankaro shi da farce, ta sa a harshe, ta zabura. Ƙanƙara ce, a garin da ruwan randa ma ɗumi yake yi.

Ta juyo, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Kun gani? Ba ta mayar da shi haka nan ba, har da tukuici. Duk abin da muka yi mata, ba ta riƙe mu a zuci ba. Wannan 'yar gidan mutunci ce."

Barmo ya buɗe baki zai yi bayanin sanyin sama da na mai, sai na taka masa ƙafa.

Jatau ya tafi ba mabuɗi. Kafin ya tafi na ji yana tambayar wata mata, a hankali, wace irin toka suka yi wankin da ita. Daga baya labari ya iso ni cewa wasu garuruwan ma sun tuna suna da fadamu, bangon Garwashi kuma ya fara giɓi kamar bakina.

Na zauna a Gangare har ruwa ya janye, aka yi shuka. Ranar da zan tafi Magajiya ta sa mini albarka, Barmo ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Inna Delu ba ta zo ba. Sai da na kai ƙofar gari na same ta tsaye, riƙe da mafi kyawun akusanta, cike da dambu, an rufe da faifai.

Ta miƙo mini da hannunta, ba da gora ba. Ta ce, "Guzuri. Ka dai san doka yanzu."

Na ce, "Na sani, Inna. Dambun nawa ne."

"Akushin fa?"

"Naki ne."

"To. Ina jira. Kada ka sa in aiko."

Dambun ya ƙare kafin in kai teku. Akushin ga shi nan gefena, baƙi, mai sheƙi, da ɗan tabo a baki inda kakar kakarta ta taɓa yar da shi. Na tashi mayar da shi ba sau ɗaya ba, amma hanyar ta zube ta ƙasan kwandon. Ban tuna ko kunkurun a dama ake samunsa ko a hagu ba. Ba na zuba komai a ciki, ba na barin kowa ya ci a ciki, kowace safiya nakan wanke shi in kife. Na kuma ajiye ɗan ƙullin goro kusa da shi, ina sabunta shi in ya bushe, don kada ya koma haka nan.

In cikinku akwai mai zuwa ƙasar da wata biyu ke fitowa, ya biyo ta nan kafin ya wuce. Ba nauyi gare shi ba.

Nan tawada ta tsaya, nan tsoho ya tsaya. Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne. Abin da na ruɗe, ku tambayi kunkuru, shi ma ya ji labarin, kuma a dawowa bai nutse da ni ko kaɗan ba.